Ranar Da Na Saɓa Kyaftin A Kafaɗa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ceci mutumin da bai nemi ceto ba.

Ni ban yi boko ba. Dako na yi a kasuwar Dei-Dei har bayana ya fara ƙara, sannan Allah ya ba ni gadi a wani filin wasa cikin garin Abuja. Aiki mai inuwa da kujera. Ban taɓa samun irinsa ba, kuma ban yi niyyar rabuwa da shi ba.

Da safe Oga Bitrus, mai kula da filin, ya kira ni.

"Maigadi, yau akwai babban baƙo. Bature ne daga Ailan. Shi ne kyaftin ɗin ƙasarsu a wasan zari-ruga shekara da shekaru. Ko ƙuda ya taɓa shi, ka tattara kayanka."

Na ce, "To, oga." (Ban san zari-ruga ba, kuma ban tambaya ba. A ganina duk ƙwallo ƙwallo ne.)

Baƙo ya iso. Ƙato, kai duk furfura, hanci a karkace, kunnuwa a murɗe kamar ganda. Direbansa ya ce min ɗan manomi ne, tun yana saurayi yake buga wa ƙasarsa, sai da kafaɗa ta ƙi sannan ya ajiye. Yanzu yawo yake yana koya wa matasa. Na dubi kunnuwan nan na ce a raina, wannan bawan Allah ya sha duka a duniya, amma yau ba a gabana ba.

Aka fara. Ƙwallon ma kamar gwanda. Ya yi ta yi wa samarin filin bayani, ina tsaye bakin layi da gorata. Can sai ya rungume ƙwallon ya zura da gudu. Samari majiya ƙarfi suka rufa masa baya. Ɗaya ya cafki ƙugunsa, ɗaya ya kwashe ƙafafunsa, tim! Dattijo a ƙasa, sauran suka hau kansa.

Mutane kuma tafi suke yi! (Na ce lalle Abuja ta lalace.)

Na yar da gora na shiga. Na finciko na sama na wurgar. Na biyu ya ce, "Baba, wasa ne!"

Na ce, "Da sa'an ubanka kake wasa?"

Na ɗago kyaftin na saɓa a kafaɗa, na nufi ƙofa a guje. Yana ta bubbuga bayana yana ihu da Turanci. Na ɗauka godiya yake yi. Ina ce masa, "Ba komai, oga, aikina ne."

Sai da na kai ƙarshen fili na sauke shi. Ƙwallon na hannunsa har lokacin. Ya dube ni, ya dubi farin layin da muka tsallake, ya sunkuya ya dangwala ƙwallon a ƙasa. Alƙalin wasa ya busa usur, wai an ci. Fili ya kaure da sowa, wasu har birgima suke yi. Shi kansa Baturen ya riƙe ciki don dariya, fuska jawur, hawaye na zuba.

Oga Bitrus kaɗai bai yi dariya ba.

"Maigadi, ka kashe ni! Haka ake wasan! Kayar da mutum shi ne wasan!"

Na cire hula na sunkuyar da kai. Na san aiki ya tafi.

Baturen ya dafa ni ya yi magana, direba ya fassara. Wai ya ci wasa a ƙasashe da yawa, amma bai taɓa ci daga kan kafaɗar mutum ba. Wai wa ya koya min ɗaga ƙato haka? Na ce buhun siminti. Ya tuɓe koriyar rigarsa, jiƙe da gumi, ya zura min. Ya ce wa oga in ya kore ni, shi zai ɗauke ni.

Oga ya yi murmushin dole. "Koma bakin ƙofa. Kuma ko yanka shi ka ga suna yi, kar ka motsa."

Har yau samarin filin suna kirana Motar Kyaftin, wasu har suna tambaya ko akwai wurin mutum ɗaya.

Tun daga ranar, in na ga an taru kan mutum, fuskarsa nake fara leƙawa. In dariya yake yi, to ba ruwana.