Rasuwar Dattijo, Ƙwallon da Bai Taɓa Tsalle Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙwallona na motsa jiki, wanda a gidanmu ake kira Dattijo. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a tsakar gida, a kan siminti, bayan gajeruwar jinya da ba ta kai a nemo mai ɗinki ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, ba ƙwallon bugawa da ƙafa ba ne. Na fata ne, ɗinkakke, cikinsa yashi da tsumma, nauyinsa kamar na jaririn da ya ƙoshi. Ƙwallon magani ake ce wa irinsa. Likitar motsa jiki ce ta haɗa mu, bayan na faɗo daga gini.

Ni lebura ne. Aikina in tsaya a kan katako a sama, a jefo mini bulo daga ƙasa in cafe in miƙa wa magini. Wata rana an jefo ban shirya ba, bulon ya same ni a ƙirji, na yi baya. Kafaɗa ta warke, haƙarƙari ya haɗu. Abin da ya ƙi warkewa shi ne idona. Ko makulli aka wurgo mini sai in runtse in kare fuska.

A nan marigayi ya nuna halinsa. Bai taɓa zuwa wa mutum da gaggawa ba. Inna takan zauna a kan turmi ta rungume shi, ta ce, "To ɗan nan, buɗe idon, ga shi nan tafe." Sai ta jefo. Idan na cafe, ya ce tim a ƙirjina, a hankali, kamar mai sallama. Idan na kauce, ya faɗi ƙasa ya ce fuf, ya zauna inda ya faɗi yana jirana. Bai taɓa tashi ya rama ba. Tun faɗuwata, shi ne abu na farko da na iya kallo yana tahowa ban rufe ido ba.

Ajalinsa ya zo ta hannun ɗan kawuna da muke kira Ƙarfe, mai zuwa gidan motsa jiki. Ya zo duba ni, ya tarar da mu muna jifarmu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wannan ai wasan 'yar tsana kuke yi. Kawo in nuna maka yadda maza ke yi." A wajensa duk ƙwallo mai nauyi ɗaya ne. Alhali likita ta faɗa mini ba haka ba ne: akwai mai kaurin roba da aka yi don a maka da ƙasa, akwai mai tauri da ke tsalle ya dawo, akwai kuma irin Dattijo, wanda aka yi don ya tashi daga hannu ya sauka a hannu. Kafin in haɗa wannan bayani a bakina, domin ni ba mai saurin magana ba ne, Ƙarfe ya ɗaga shi sama da kai ya rafka shi da siminti. Marigayi ya ce ɓus. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Ɗinkin cikinsa ya ɓalle, yashi ya malale har bakin murhu.

Na yafe wa Ƙarfe, don ya yi nadama. Da yamma ya kawo mini wani baƙin ƙwallo na roba, ya ce wannan ma na magani ne. Inna ta jefo, na kauce, ya daki bango ya dawo ya same ni a haɓa. Na tsuguna na rufe kai, har sai da Inna ta dafa ni ta ce ya wuce. A kira shi da sunan da aka ga dama, ni dai na san ba dangin Dattijo ba ne. Yanzu yana ƙarƙashin gado, kuma ba na juya masa baya.

Marigayi ya bar Inna, wadda hannunta ya saba da nauyinsa. Ya bar turmi da tabarma. Ya bar ni, maraya, a makon da na fi bukatarsa, domin babban magini ya aiko cewa ranar Litinin in koma kan katako, in ba haka ba a sa wani a gurbina. Tun da na faɗo ban cafe komai ba sai Dattijo. Bulo ba ya sallama. Duk lokacin da na tuna, sai in runtse ido.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe a wurin gini. Inna ta share yashin ta ƙulle a leda, za a zuba shi a kwaɓin siminti na farko, ya shiga bango ya huta. Ba zaman makoki, kuma don Allah mai zuwa ta'aziyya kada ya wurgo mini komai, ya miƙo a hannu.

Fatar kuwa ba za a binne ta ba. Inna ta yanka ta biyu, ta ɗinka mata igiya, zan ɗaura a tafin hannuna in hau da ita. Ina roƙon wanda zai tsaya a ƙasa ya kira ni kafin ya jefo, ya jira in buɗe ido. Bulon farko a kan Dattijo zai sauka.