Ranar Da Na Gwada Wutar Tirela Da Haƙori

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwa da Baba Modu, tsohon direban tirela, ya aiko a kira ni Kasuwar Shanu. Lokacin ban daɗe da buɗe shagon rewaya, wato gyaran wutar mota, a Yerimaram ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

An gama loda shanu, za a yi Kudu, sai fitilun bayan tirelar suka ƙi kamawa. Ba a hawa titi haka, ga rana ta take, shanu a cunkushe har wani bijimi ya fara durƙushewa. In ya kwanta, 'yan uwansa za su tattake shi.

Na hau tsakanin kan motar da bodi, na cire soket ɗin da ke kai wuta baya, na dangwala kwan fitilar da nake gwaji da shi. Shiru. (Ban fara gwada kwan a jikin batir ba, wai ni gwani.) Na ɗaga murya don dillalai su ji, na ce wayar nan ta mutu murus, sai an sake ta. Na kama ƙarfen mota da hannu ɗaya, na kai wayar baki zan fere ta da haƙori, yadda muka saba.

Jama'a, ashe da ranta! Kwan nawa ne ya ƙone. Na ƙwala ihu, na sulmiyo, na zauna daɓas cikin kashin shanu. Dariya ta ɓarke, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Modu ko murmushi bai yi ba. Ya dubi mutane da Hausarsa ta Barebari ya ce, "Dariyar me? Yaro ya gano akwai wuta. Saura soket."

Ya miƙo min hannu, ya raɗa min, "Ɗana, duba bakin soket ɗin, fitsarin shanu yana cin ƙarfe."

Haka ne kuwa, tsatsa ce ta cinye ƙusoshin soket ɗin. Na kankare, fitilu suka kama, aka tayar da bijimin, mota ta tashi. Dattijon nan ya san matsalar tun farko, amma ya bar min sunan gyaran. Wallahi har yau ina ganin girmansa.

Tun ranar nake fara gwada kwan gwaji kafin in gwada mota. Haƙori kuwa na bar wa tsire.