A Sauke Ni Kafin Shuka

Wani ne can wajen Guna, a shekarun nan na fari. Ruwan farko ya sauka, ko ƙura bai gama kwantarwa ba, sai ya ɗauko kwaryar iri. Matarsa Hajjo ta ce, "Malam, ka dakata. Wannan ruwan ba na shuka ba ne."

Ya ce, "Yaushe mace ta san hadari?"

Ya kwashe irin hatsin gidan kaf, har wanda ta ɓoye a tulu, ya zuba a ƙasa. Ruwa ya ɗauke ƙafa. Shuka ta leƙo, ta ga rana, ta koma ga Ubangijinta. Hajjo kuwa ba ta yi faɗa ba. Kullum dai da safe, bayan gaisuwa, sai ta ce, "Malam, yau me hadarin ya ce?" Da abin ya ishe shi, sai ya tsere Damagaram ci-rani da tsakiyar damina.

Kusa da tasha ya ga rumfar wani Mutari, mai tele, wato talabijin, da na'urar wasa ƴar Japan. Yunwa ta kori masu wasa, Mutari shi kaɗai yake ta dannawa. Mutumin naku ya tsaya kallo, sai ya ga wasu ƴan mutane a cikin telen sun faɗa wani rami mai juyawa, sun ɓullo wani gari.

"Ɗan'uwa, ina suka tafi?"

"Zamanin da suka koma. Su gyara abin da ya ɓaci, su dawo su tarar da yau ta yi kyau."

Mutumin ya ajiye ƙunshinsa a hankali, ya zauna. "Na'urar nan tana zuwa kafin shukar bana?"

"Wannan ba ta ƙaramar tafiya. Shekara ɗari-ɗari take ci."

"To ai dole ta nan za ta bi. A sauke ni a hanya mana, ko motar Tanut tana yi wa mutum haka. Ba zan daɗe ba, hannuna kawai zan riƙe kar in yi shukar."

Mutari ya yi bayani har ya gaji. Mutumin ya ce in wuri ne babu, zai hau sama wajen kaya. Daga nan Mutari ya ce to, bisimilla. Ya zaunar da shi a benci, ya kifa masa buhu a ka, ya ƙure ƙarar tele, ya yi ta jijjiga bencin. Mutumin na ciki yana salati, yana roƙon direba, yana cewa, "Shufer, a hankali, kar mu wuce."

Can Mutari ya yaye buhun. "Mun iso. Sauka."

Ya fito ya dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Ya kama hanyar ƙauye, babu tsanwa ko ta magani, shanu duk haƙarƙari a waje. Ya ce lallai bazara ce, Japan ba su ƙarya. Ya biya ta gonarsa, ya same ta fayau kamar ba a taɓa sa mata iri ba. Daɗi ya kama shi har da hawaye.

Ya faɗa gida ko sallama babu. "Hajjo, ban yi shuka ba tukuna. Wannan karon maganarki zan bi. Ina irin?"

Ya leƙa rumbu, wayam. Ya zura hannu a tulu, sai ƙadangare. Ya zauna daɓas, ya ba ta labarin tafiyar tun daga benci har buhu, sannan ya ce, "Na gane. Shufer ɗin ne ya zarce da ni. Wannan yunwar tamanin da huɗu ce."

Hajjo ta ci gaba da tsinke ganyen tafasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "In har can take kaiwa, Malam, koma ka kama mini wuri. Ni a sauke ni ana gobe ɗaurin aurenmu."