Yadda Za Ka Raba Fuskarka Tsakanin Malamai Biyu

An ba ka rawar Bayahuden nan na tsohon wasan Turawa da muke yi duk shekara a kwalejinmu ta Kalkata? Farfesa Lahiri ya ce mugu ne, Dakta Maitra ta ce zaluntarsa aka yi, kuma sai su biyun sun sa hannu za ka haye. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, nasara tabbas. Daga bayan labule na koya, wurin Shubhro, wanda ya yi rawar bara.

1. Kada ka karanta wasan.
Mai karatu yakan samu ra'ayi, ra'ayi kuwa shi ke kayar da ɗalibi.

2. Gano mazauninsu.
Lahiri hagu yake zama, bakin ƙofa. Maitra dama, ƙarƙashin fanka.

3. Raba fuskar.
Ɓangaren Lahiri: ɗaga gira, murtuke. Ɓangaren Maitra: goga albasa a ido. Gwada a cikin bas. In an tashi an ba ka kujera, ka iya.

4. In an tare ka, ci wani abu.
"Kai yaro, mugu ne ko?" Cusa samosa a baki, ka kaɗa kai irin namu, wanda ba e ba, ba a'a ba.

5. Duba lafiyar fanka.
Nan Shubhro ya yi sake. Fanka ta mutu, Lahiri ya nuna dattaku ya bar wa Maitra bakin ƙofa ta sha iska, shi ya koma kujerarta. Fitilun dandali sun kashe wa Shubhro ido, bai ga canjin ba.
"Uban wa ya mutu kake mini kuka?" in ji Lahiri da aka tashi.
"Ka mai da bawan Allah dodo!" in ji Maitra.

6. Hana su neman alƙali.
Sai suka tare Kaku Gubbay, tsohon malamin kiɗa, ɗaya daga 'yan Yahudawan da suka rage a unguwarmu, wanda ya zo kallo kawai.
"Kaku, raba mu! Mugu ne ko abin tausayi?"

Gargaɗi: in ka maimaita shekara kamar Shubhro, ba ruwana. Kaku dai ya dubi Shubhro, gemun roba na reto, ido ɗaya na zuba. Ya ciro hankici ya miƙa masa, ya ɗauki lemarsa, ya bi ta ƙofar baya.