Yadda Za Ka Ɓoye Wa Duba-Gari Kashin Dawaki Huɗu

Kai mai dawaki huɗu a bargar da aka gina don ɗaya, kwantar da hankalinka. An ce duba-gari zai shigo unguwa, in ya ga tulin kashin nan dawakinka ƙauye za su koma? Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ɗaya ba zai bar unguwarmu ta Limawa ba. Da kaina na gwada.

1. Sauya masa suna

Daga yau babu kashi a gidanka, taki ne. Gonar gero kake tara wa, ko da rabonka da fartanya shekara tara.

2. Shawo kan maƙwabciya

Hajiya Safina mai waina za ta leƙo ta katanga: "Alhaji, ƙudan gidanka sun fi masu sayen wainata yawa!" Kada ka yi musu. Tambaye ta maigida, sannan yara ɗaya bayan ɗaya, har wainarta ta fara ƙonewa.

3. Kada ka bari a ɗaga kofato

In tsohon makiyayi irin Modibbo ya shigo, ƙafar doki zai fara kamawa, ya ce, "Wannan ai ruɓewa yake, tsayuwa cikin fitsari ce." Ka ce ba ɗingishi dokin yake ba, rangwaɗa ce. Ni dai ranar na ji kunyar dabbar nan ƙwarai, amma kunya ba ta cikin matakanmu.

4. Gina dakali

Kashin wata bakwai ba ya kwasuwa rana ɗaya. Daddaɓe shi da shebur ya yi kusurwa huɗu, watsa yashi, shimfiɗa tabarma, ɗora darduma. Sa uwargida ta turara barga kamar ɗakin amarya.

5. Bar baƙo a tsaye

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, don bakinmu bai iya ganin baƙo tsaye ba. Da Malam Falalu duba-gari ya yi sallama, ban san lokacin da na ce, "Bismillah, ga wuri" ba.

Ashe taki in an danne shi, zafi yake ɗauka daga ciki kamar tukunyar dambu. Muna gaisawa ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Gumi ya keto masa.

"Alhaji, garwashi ka binne a dakalin nan?"

Kafin in haɗa amsa dakali ya lotsa, Malam Falalu ya nutse har ƙugu, biro a hannu. Daga nan inda yake ya rubuta takardar korar dawakina zuwa ƙauye.

A kula

Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da duba-garinku, ba ruwana. Kada ma ka neme ni ranar Asabar: ina kan babur zuwa wani ƙauye bayan Kafin Hausa gaida dawakina. Kofatonsu ya warke sarai, sun yi ƙiba, kuma in sun hango ni sai su juya mini baya.