Rasuwar Siririya a Ƙofar Ɗakin Yaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Siririya, tsinken ƙarfen da na ƙera da hannuna don buɗe ƙofa ba da makulli ba. Ta rasu jiya da hantsi tana bakin aiki, a cikin ramin makullin ɗakin yayana.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, Yaya ya tafi neman aiki shekara biyu ke nan. Ya kulle ɗakinsa, ya sa makullin a aljihu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Akwai agogon bango a ɗakin. Kullum da safe Umma takan jingina kunne da ƙofar, ta ji yana bugawa, sannan ta je ta ɗora ruwa. Ta hana a ɓalle ƙofar. Ta ce ɗakin mamaci ake ɓallewa, ɗanta kuwa da makullinsa zai dawo. Da damina agogon ya fara tsallake bugu. Ni na fara lura, na kuma san batir ne. Abin da ya kawo Siririya duniya ke nan: in shiga, in canza batir, in fito, in mayar da ƙofa yadda take.

Ba ita na fara gwadawa ba. Mariƙin cokali ya lanƙwashe kamar taliya. Bakin zarto ya yi taurin kai, ya karye tun a kan magagari. Wayar ƙafar keke ta yi kauri, ƙarfen lema kuma tsatsa ta riga ni zuwa. Na yi ta yawo wajen masu tsofaffin ƙarafa har suka fara ce mini injiniyan bola. A ƙarshe bakaniken bakin titinmu ya zaro wani ɗan siririn ƙarfe daga cikin robar tsohuwar waifa mai goge gilashin mota, ya tanƙwara shi, ya sake shi, ya dawo ya miƙe. Ya ce, "Ungo. Wannan ya fi ka jin magana."

Marigayiya mai haƙuri ce. Ni da na kasa zaman aji, ita ta koya mini zama wuri ɗaya. Ta buɗe wa tela akwatin kekensa, ta fito da jikar mai wanki daga banɗakin da yarinyar ta kulle kanta a ciki. Ba ta taɓa shiga inda ba a kira ta ba. Ba ta da surutu, iyakarta ƙis, ƙis, sannan ƙas idan ƙofa ta yarda.

Ciwon ajalinta ɗan tsagu ne a wuya, wanda ko farce ba ya kama shi. Jiya da Umma ta fita kasuwa, na durƙusa gaban ƙofar. Na ji ƙis sau uku. Ina jiran na huɗu sai agogon ya yi shiru a ciki, shirun da ya fi na kullum tsawo. Hannuna ya matsa, wuyanta ya karye. Sautinta na ƙarshe bai kai na faɗuwar allura ba. Agogon ya ci gaba bayan haka, amma da jan ƙafa.

Ta bar tagwaininta, lanƙwasasshen ƙarfen murɗawa da aka yanko daga waifa ɗaya da ita, da magagari, da ni. Ta kuma bar kanta da ya gutsure a cikin ramin makullin. Yanzu ko yau Yaya ya dawo da makullinsa, ba zai shiga ba. Umma ba ta sani ba. Yau da safe ta ɗaga kunne daga ƙofar ta ce mini, "Auta, kamar akwai wani abu mai motsi kusa da hannun ƙofar nan." Na ce iska ce. Ni ma ina jin sa, ƙis, ƙis, ko ina tsakiyar titi.

An naɗe gangar jikinta a tsumma, tana cikin gwangwanin ƙusoshi. Ba za a binne ta ba sai an haɗa ta da kanta. Za a karɓi gaisuwa a garejin bakanike, ban da gida, kuma ina roƙon kada kowa ya yi wa Umma ta'aziyya. Wanda duk yake da tsohuwar waifa, ko wani ƙarfe da ya fi marigayiya sirantaka, mai lanƙwasa ya dawo, don Allah ya zo da shi yau a zaro kan marigayiya daga ramin. Agogon yana bugawa har yanzu, sai dai yau sai da Umma ta toshe ɗayan kunnenta kafin ta ji shi.