Jiniya a Siton Alhaji Sani

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou ba, ranar da na shiga kwali da ƙafata, ni mai jikoki tara.

Na daɗe ina zuwa Guangzhou saro atamfa da takalma. Ban yi boko ba, amma duk 'yar Kanon da ta sauka a masaukinmu ta san dokata: fasfo a jiki, ko banɗaki za ki. Na sha sa mata kuka a kan wannan. To, a ranar nawa fasfon yana hannun mai ƙara mini kwanakin biza, kuma ban gaya wa kowa ba. Da 'yan sanda sun tare ni, "meyo" kawai zan ce, wato babu, daga nan sai ofishinsu, ƙila sai gida.

Na je siton Alhaji Sani, mutumin Kumasi da ke yi mana lodin kwantena, tare da Balaraba, 'yar masaukinmu (wadda na wanke tas kwana biyu kafin nan saboda ta bar fasfonta a ɗaki). Muna duba dilolina sai na ji jiniya, a cikin siton kuwa. Ta ɗauke, ta dawo da amsa-kuwwa, sannan wani rugugi ya biyo baya wanda na ji har cikin haƙarƙarina. Na ce shi ke nan, 'yan sanda ne, ƙofa suke fasawa. Ga wani kwali a buɗe, girman firji. Na tattare mayafi na shige, na ja murfin. Babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa. Ina hango kaina an tasa ƙeyata zuwa jirgi, labari ya riga ni isa kasuwar Kwari.

Da aka ɗaga murfin, wani dattijo baƙi na gani, gashinsa igiya-igiya har gadon baya, duk furfura. Bayansa ga Balaraba, ga Alhaji Sani.

"Hajiya, Landan za ki ba biza?" in ji Alhaji Sani. "Kwalin nan gobe zai hau ruwa."

Ashe lasifika dattijon ya saya, yana gwadawa kafin a rufe ta a kwalin. Alhaji Sani ya yi mana tafinta. Mahaifin dattijon daga Jamaika ya je Ingila, lokacin da ba a maraba da baƙi a gidajen rawa, sai suka riƙa haɗa nasu akwatunan kiɗa suna yi a gida. Yanzu 'ya'yan Turawan ne ke cika titi a bikinsu na shekara, har maganarsu suke kwaikwayo.

Na gyara ɗankwali (ina cikin kwalin har yanzu), na ce a tambaye shi wane mai hankali ne ke sa jiniya a kiɗa.

Ya yi dariya, ya ce sun ji ta a ƙofar gida har sun gaji, gara su riƙa kunna ta da hannunsu. Sannan ya miƙo hannu zai fito da ni. Na ƙi. Balaraba ce ta jawo ni, ta sunkuyo kunnena ta ce, "Hajiya, ina fasfo?"

Na kakkaɓe mayafina na koma kan dilolina. Har yau ina yi wa mata faɗan fasfo, don gaskiyata ce. Sai dai yanzu nakan laluba jakata tukuna, kuma in Balaraba na ɗakin nakan rage murya.